Yadda ake rainon 'yan tsaki a makonnin farko, da yadda ake yi wa yara nasu na ci

Duk gidan da aka sauke kwalin 'yan tsaki, yara ne ke fara kewaye shi. Wannan ya ce a ba shi ya riƙe, waccan ta ce ita za ta yi goyo, ƙaramin cikinsu kuma ya riga ya damƙo ɗaya a wuya yana dariya. Karon farko da na yi kiwo, uku daga cikin waɗanda na rasa ba cuta ce ta kashe su ba, ƙaunar yara ce. Tun daga nan na koyi raba abin gida biyu: 'yan tsaki masu rai su zauna inda ɗumi yake, yara kuma a yi musu nasu na madara da kwakwa, su riƙe, su yi wasa, su cinye.

Dabarar ba tawa ba ce. A Turai da Amurka, idan sanyi ya wuce wajen watan Maris zuwa Mayu, ƙwai da ɗan tsako su ne alamar sabuwar rayuwa, musamman lokacin bikin Ista. A Amurka akwai wata alewa mai laushi kamar soso da ake kira Peeps, mai siffar ɗan tsako, wadda wani kamfani a jihar Fensilbaniya yake yi tun 1953. A Masar ma, ranar bikin Shammun Nasim ana rina dafaffen ƙwai kala-kala a fita da shi shan iska. Mu kan fassara wannan lokaci nasu da "bazara", amma kin san bazararmu ba ta furanni ba ce, ta zufa ce. Wannan bambanci zai dawo mana idan mun zo maganar ɗumi.

Shirin da ake yi kafin su iso

Kada ki yarda 'yan tsaki su riga shiri isowa. Ki share ɗakin tun saura mako guda, ki kakkaɓe yanar gizo, ki wanke ƙasa da bango da sabulu, ki bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ki bar shi ya bushe sarai. Idan an taɓa kiwo a ciki, a bar shi ba kowa har mako biyu. Ki toshe duk ramin ɓera. Ɓera ɗaya kan yi wa mutum ɓarnar goma a dare guda, kuma ba cinye su yake yi duka ba, kashewa yake yi ya ja su lungu.

A cikin ɗakin ki yi musu ɗan keɓe da kwali ko falanki mai lanƙwasuwa, tsayinsa kamar kamu ɗaya, wato santimita 45. Ki yi shi zagaye, ba mai kusurwa ba, domin idan suka ji sanyi ko suka firgita kusurwa suke nufa su hau kan juna, na ƙasa su mutu. Ga guda 50, zagaye mai faɗin mita ɗaya da rabi ya isa a makon farko, daga baya ki riƙa buɗa shi.

Sai shimfiɗa. Ki je wurin kafintoci ki samo ɓarɓashin katako mai faɗi-faɗi, irin wanda injin gogar katako ke fitarwa, ko ɓuntun shinkafa busasshe. Ban da garin katako mai laushi, don suna tsattsagarsa su ci, ya cushe musu ciki, ƙurarsa kuma ta dame su a numfashi. Kaurin shimfiɗar ya kai tsawon ɗan yatsa. Kada ki sa su a kan leda ko siminti mai santsi. Ƙafafunsu kan baje gefe-gefe, wanda abin ya kama da wuya ya sake tafiya daidai.

Tun daren jajiberin zuwansu ki kunna abin ɗumi, domin shimfiɗar kanta ta ɗauki zafi. Ɗan tsako ta tafin ƙafa yake fara jin sanyi.

Zaɓe

Yawancin 'yan tsakin gidan gona da ke shigowa Arewa daga wajen Ibadan ake ɗauko su, kwali ɗaya guda 50, su kwana a mota. Abin da ya sa suke jure wannan tafiya shi ne ragowar gwaiduwar da suka shanye cikin cikinsu kafin ƙyanƙyasa, wadda kan riƙe su har kusan kwana uku. Amma juriya daban, ƙoshin lafiya daban. Ki buɗe kwalin a gaban mai sayarwa. Mai lafiya idonsa a buɗe yake tar, gashinsa a bushe, cibiyarsa a rufe ba jini ba ƙulli, kuma idan kika kwantar da shi rigingine a tafin hannu nan take zai mirgina ya miƙe. Wanda ya tsaya yana gyangyaɗi, fiffike a sake, ki ajiye shi.

Ki kuma san irin da kike saye. Burela na nama ne, cikin mako shida zuwa takwas sun isa yanka, amma ba su da juriya. Noiler, irin da ake kiwo don nama da ƙwai duka, sun fi haƙuri da kiwon gida. Masu ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, sai sun kai wata biyar ko kusa da haka kafin ki ga ƙwan fari. Waɗancan kuwa da ake rinawa kore da ja ana sayar wa yara a kasuwa, yawancinsu zakarun irin masu ƙwai ne da gidajen gona ba su da buƙata. Suna iya rayuwa idan an kula da su, sai dai ba don rayuwa ake sayensu ba, shi ya sa ba sa kwana uku.

Ranar farko

Ruwa kafin abinci. Ki haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wanda ba sanyi ƙarara ba, da cokali uku na sukari ko gulukos. Ki ɗauko su ɗaya bayan ɗaya kina ƙirgawa, ki tsoma bakin kowane cikin ruwan sau ɗaya, ki sake shi kusa da mazubin. Aikin yana da cin rai idan suna da yawa, amma ba a tsallake shi. Ko ba ki yi wa duka ba, ki yi wa masu rauni, sauran za su kwaikwaya. Ruwan sukarin na wannan yini ne kawai, gobe ki koma ruwa zalla ko mai sinadarin bitamin.

Mazubin ruwa biyu ƙanana sun ishi guda 50. Idan ba ki da na kanti, ki huda gwangwani kusa da bakinsa, ki cika shi da ruwa, ki kife a kan faranti. Idan faranti kawai gare ki, ki zuba tsakuwa wankakkiya a ciki. Ɗan tsako yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, wanda ya jiƙe kuma sanyi ne zai ƙarasa shi.

Bayan awa ɗaya ko biyu sai abinci. Ki barbaɗa a kan kwali ko tiren ƙwai, ki ɗan ƙwanƙwasa da yatsa kamar yadda uwa ke yi da baki. Abincin farko na kanti, wanda masu shago ke kira sitata, shi ne daidai, domin sinadarin gina jikinsa ya kai kashi 20 zuwa 23 cikin 100. Ki duba ranar da aka yi shi, ki kuma sansana. Wanda ya yi warin fumfuna guba ne. Wani abin dariya, sunan ya yi kama, amma tsakin masara ko na gero shi kaɗai ba ya raya 'yan tsakin gidan gona. Za su ci su ƙoshi, su tsumbure.

Washegari da safe ki yi gwajin da ya fi kowane muhimmanci. Ki kama kamar goma daga wurare daban-daban, ki shafa gindin wuyansu ta ɓangaren dama na ƙirji, inda jakar abinci take. Idan kin ji ta cika da laushi kamar kunu a leda, sun ci sun sha. Idan da tauri kina jin ƙwayoyin abinci, sun ci amma ruwa bai ishe su ba. Idan fayau take, ba su gano abincin ba tukuna, sai ki ƙara haske da wuraren ci. Tara cikin goma, ko duka goman, ya kamata ki samu a cike.

Ɗumi, inda yawancinmu ke faɗuwa

Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai ya yi kusan mako biyu. A makon farko yana son digiri 32 zuwa 35 a daidai tsayin bayansa, ba a tsayin kanki ba, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako har gashin fiffike ya rufe jiki, wajen mako na huɗu zuwa na biyar.

Da me za a ɗumama? Ƙwan lantarki mai zafi yana yi, irin na da, ba waɗannan farare na zamani da ba sa zafi ba. Amma wa zai jingina ran dabba da wutar da ba ta sallama idan za ta tafi? Ki tanadi gawayi. Ki hura shi a waje har hayaƙin ya ƙare ya zama garwashi ja, ki zuba a tukunyar ƙasa, ki ɗora ta a kan bulo a tsakiyar zagayen, ki kewaye da waya don kada su faɗa ko shimfiɗar ta kama. Kuma ko sanyi ya kai ina, kada ki like ɗakin ruf da leda. Ki bar kafa ta sama. Iskar gawayi ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe kaji, tana kashe mutum. Idan kin shiga ɗakin kin ji kanki ya sara ko idonki yana yaji, su sun daɗe da jigata.

Ma'aunin zafi yana da amfani, amma su kansu 'yan tsakin sun fi shi faɗin gaskiya. Idan sun cure a jikin tukunya suna kuka mai tsini ba ƙaƙƙautawa, sanyi suke ji. Idan sun gudu sun manne da bangon kwali, baki buɗe, fiffike a ware, zafi ya yi yawa. Idan duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta ɗaya gefen. Idan kuwa sun bazu ko'ina, wasu na ci, wasu na sha, wasu sun miƙe ƙafa suna barci kamar matattu, to kin dace. Kukan jin daɗi ƙasa-ƙasa yake, kwana biyu za ki gane shi ko daga tsakar gida.

Ga inda bazararmu ta bambanta da ta Turawa. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin rana kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Wanda ya karanta cewa dole a kunna wuta dare da rana ya bi ba tunani, gasa su zai yi. A wannan lokaci ki kashe wuta da hantsi, ki ɗaga labule, ki yawaita sauya ruwa, sai tsakar dare zuwa asuba ki mayar da ɗan garwashi. Da hunturu kuma akasin haka ne: tsakanin ƙarfe uku na dare da sallar asuba ake yin asara, lokacin da gawayi ya mutu mai kiwo yana barci. Ki sa ƙararrawar waya. Makon farko na kiwo ba makon barci ba ne.

Abin da za ki riƙa dubawa kullum

Safe da yamma ki wanke mazuban ruwa, ki kwashe duk inda shimfiɗa ta jiƙe ki zuba busasshiya. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce gidan cutar da ke sa su kashin jini, wadda kan bayyana daga mako na uku. Ki riƙa ɗaga su kina duba ƙarƙashin wutsiya. Wani lokaci kashi kan bushe ya toshe wurin, kuma yana kisa. Ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki riƙa danna wurin a hankali har ya yi laushi ya fita da kansa, ki tsane wurin, ki shafa ɗan man kaɗe. Kada ki fizge, fata za ta biyo. Wanda ya yi laushi ki ware shi a wani kwali da nasa ɗumin. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a jefar a bola. Rasa ɗaya cikin 50 a makon farko ba abin tashin hankali ba ne, amma uku ko huɗu a yini guda, ki nemi likitan dabbobi a ranar.

Rigakafi biyu ne ba a wasa da su. Na cutar Gumboro, da na cutar Niyukasal, wadda ke share kajin unguwa da hunturu, ki ga kaza tana murɗe wuya tana zawo kore. Tsarin da aka fi bi shi ne Gumboro wajen kwana 7 zuwa 10, Lasota, wato rigakafin Niyukasal, wajen kwana 14, a maimaita Gumboro wajen kwana 21, a maimaita Lasota wajen kwana 28, amma ki tambayi inda kika sayo abin da aka riga aka yi musu, ki bi tsarin likitan yankinku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin waɗannan magunguna. Abin lura shi ne rigakafin yana da rai, zafi na kashe shi. Ki sayo shi cikin ƙanƙara, ki janye musu ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, ki haɗa shi da ruwan rijiya ko na burtsatse wanda ba sinadarin kulorin, ki zuba ɗan garin madara, ki ba su da sassafe su shanye kafin awa biyu. Ragowar ba a ajiyewa. Kuma ba a yi wa marar lafiya rigakafi.

Idan kazar gida ce ta ƙyanƙyashe

Nan aiki ya ragu, don uwa ita ce tukunyar gawayin. Kwanci kwana 21 ne. Idan kin ga ƙwai ya fara tsagewa, ki cire hannunki. Daga hudawar farko zuwa fitowa yana iya ɗaukar yini guda cur, wanda aka ɓare masa kuma sau da yawa jini ne ke ƙarar da shi. Abin da uwa ba ta iyawa shi ne tsare su daga sama. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to ki taya ta: ki killace ta da 'ya'yanta a akurki ko ƙarƙashin babban kwando na mako uku zuwa huɗu, ki ba su tsakin gero da dafaffen ƙwai da aka murmushe, da gara idan ana samu, kamar yadda iyayenmu ke yi a ƙauye. Su ma a ɗiga musu rigakafin Niyukasal.

Yanzu sai na yara

Dokar gidana ita ce kallo da ido. Wanda ya haura shekara biyar yana iya riƙewa a zaune, da hannu biyu, na ɗan lokaci, ban da sumbata, sannan ya wanke hannu da sabulu, domin ko lafiyayyen ɗan tsako yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa yaro zawo da zazzaɓi. Ladan wanda ya bi doka shi ne ya shiga kicin tare da ni.

Mukan fara da sheƙa, wadda ba komai ba ce illa kwakumeti da aka sauya wa siffa. Ki goge kwakwa ɗaya a gefen magogi mai fitar da dogayen zare, don ta yi kama da ciyawa. Ki zuba rabin gwangwanin sukari da ruwa cokali huɗu a tukunya, idan ya narke ki zuba kwakwar, ki rage wuta, ki yi ta juyawa har ta yi ruwan zuma tana kama juna. Ki shafa mai a ƙananan kofuna ko gwangwanin kek, ki zuba cokali biyu a kowane, ki danna tsakiya da bayan cokali ya yi rami. Da zafinta ake yi, idan ta huce ba ta lanƙwasuwa. Wannan matakin naki ne, narkakken sukari ba abin yara ba ne.

'Yan tsakin kuma tuwon madara ne. Ki dafa rabin gwangwanin sukari da ruwa kaɗan har ya fara danƙo tsakanin yatsu, ki sa kurkur a bakin ƙaramin cokali. Kaɗan nake nufi. Idan ya yi yawa launin zai yi kyau, amma yara za su ce kin ba su magani. Ki sauke, ki riƙa zuba garin madara gwangwani biyu a hankali kina tuƙawa har ya haɗe. Idan ya sha iska yadda hannu zai iya taɓawa, ki kira su. Kowa ya shafa mai a tafi, ya mulmula babban ƙwallo kamar goro na jiki, da ƙarami kamar gyaɗa biyu na kai, ya manna su tun da ɗumi. A ja bayan da yatsa ya zama wutsiya. Baki ɗan yankan karas ne mai kusurwa uku, ido kuma ƙwayar habbatus sauda ko baƙin riɗi. Idan tuwon ya fara tsagewa, ki ɗiga ruwan ɗumi ki sake murzawa. Ragowar da ba a sa wa kurkur ba a mulmula ta ƙanana ta zama ƙwai, ko a sa gullisuwa. Kada ki gyara musu nasu. Mai karkataccen kai da ido uku shi ne wanda za su fi so.

Ga wanda ba ya son zaƙi, akwai na dafaffen ƙwai. Ki dafa minti 10 zuwa 12, ki tsoma a ruwan sanyi, ki ɓare. Ki ɗan shafte gindin don ya zauna, ki yanke kashi ɗaya cikin uku daga sama ya zama hula. Ki ƙwaƙule gwaiduwar da ƙaramin cokali, ki dama ta da mayonis da ɗan gishiri, ki mayar ta yi tozo, ki ɗora hular a karkace. Ido biyu na masoro, bakin karas, sai ga ɗan tsako yana leƙowa daga ɓawo. Idan da ƙananan yara ki cire masoron kafin su ci. Idan kuma rini suke so irin na Masar, ba sai kin sayi kala ba: ɓawon albasa a ruwan dahuwa yana ba da ja mai duhu, kurkur ya ba da rawaya, zoɓo kuma, abin mamaki, toka-toka mai shuɗi yake bayarwa ba ja ba. Cokali ɗaya na ruwan tsami na kwalba yana sa launin ya kama.

Na ƙwan a ci shi nan take; a zafin bazara kada ya wuce awa ɗaya a waje, sai dai a firji. Na madara da kwakwa suna kwana uku zuwa huɗu a roba mai murfi, a ɗora ta inda kiyashi ba zai kai ba, nesa da ɗakin kajin.